Ƙungiyoyin masu karnuka da kamun ƙafa a majalisa: yaya suke yi, wa suke karewa?

Nura_MaiTambaya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga waɗanda suka san dokokin dabbobi a ƙasashen waje. An ce a Amurka ƙungiyoyin masu kiwon karnuka suna da mutanen da ba su da aiki sai sa ido a kan majalisa, har da asusun tallafa wa 'yan takara. Da gaske ne? In gaske ne, ta yaya ƙungiyar da aka kafa don gasar nuna karnuka za ta hana doka wucewa? Kuma tsakani da Allah wa suke karewa, mai kare ɗaya a gida ko mai sayar da 'yan kwikwiyo ɗari a shekara?

Barista_Kabiru:
Wa alaikumus salam Malam Nura. Gaske ne. Uwar tafiyar ita ce American Kennel Club, AKC a taƙaice, wadda aka kafa a 1884. Mutum ɗaya ba ya zama mambanta, ƙungiyoyi ne mambobi, wasu na gari, wasu na irin kare guda. Tana da sashen hulɗa da gwamnati da ke bin ƙudurorin doka a tarayya da jihohi, tana kuma roƙon kowace ƙungiya ta naɗa mutum ɗaya wakilin harkar majalisa. Aikin wakilin nan biyu ne: in sanarwa ta sauko daga sama ya raba wa 'yan ƙungiyarsa, in kuma ya ji wani motsi a majalisar garinsu ya kai sama. A jihohi da dama ƙungiyoyin sun haɗu sun kafa tarayya ta jiha, don kada ɗan majalisa ya ji murya goma masu karo da juna.

Abin da mutane ke kuskure shi ne zaton a Washington ake fafatawa. Yawancin dokar da ke shafar mai kare a majalisar gari ko ta gunduma ake yin ta: kuɗin lasisi, yawan karnukan da gida zai ajiye, wane iri ne aka haramta. A can kansila bakwai ko tara za su zauna da yamma su gama magana cikin mako biyu zuwa huɗu.

Dr_Hauwa:
Ƙari a kan bayanin Barista. Dokokin da suka fi tayar musu da hankali su ne fiɗiyar dole (a fiɗiye namiji, a cire wa karya mahaifa kafin wasu watanni), haramta wani iri ɗungurungum, ƙayyade yawan karnuka a gida, da sanya ƙaramin mai kiwo cikin dokar da aka yi wa manyan 'yan kasuwa. Kowanne da hujjar da ake tunkararsa da ita. Wanda ya ɗauki hujjar fiɗiya ya je zaman haramta iri ya ɓata wa kansa lokaci.

MaiShakka01:
Ni dai a ganina wannan duk kare kasuwa ne aka sa masa rigar 'yanci. AKC daga rajistar 'yan kwikwiyo take samun kuɗi. Kwikwiyo ya ragu, kuɗi ya ragu.

Malam_Ilu:
MaiShakka, riƙe wannan, za a dawo kanta, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma bari Nura ya ga yadda ake yi a aikace.

A 2007 ɗan majalisar jihar Kalifoniya Lloyd Levine ya kawo ƙuduri mai lamba AB 1634. Rubutun farko ya ce duk kare ko kyanwa da ta wuce wata 4 sai an fiɗiye ta, in ba haka ba tarar dala 500, sai dai in mai ita ya sami takardar izini ta musamman. A watan Yuni na shekarar ya tsallake majalisar wakilai da ƙuri'a 41, mafi ƙarancin abin da ake buƙata a zaure mai kujera 80. Daga nan ya tafi majalisar dattawa, inda ya maƙale a kwamitin ƙananan hukumomi. Mai ƙudurin ya janye shi kafin a kaɗa ƙuri'a, aka sake masa fasali a 2008, a ƙarshe ya mutu a majalisar dattawan.

A lura da inda aka tare shi: kwamiti. Zauren mutum 80 yana da wuyar juyawa, amma kwamitin mutum kaɗan, in ka san gundumar kowannensu ka tura masa mutanen mazaɓarsa, magana ta canza. Na biyu, ba masu gasar ado kaɗai suka fito ba. Masu karnukan kiwon tumaki da shanu, masu karnukan farauta, masu karnukan aiki, masu kyanwoyi, duk sun shiga. Ɗan majalisar karkara ba ruwansa da kare mai gashi har ƙasa, amma in makiyayi daga mazaɓarsa ya ce masa ba a gane karen da zai iya aiki yana wata 4, sai ya kai shekara ɗaya ko biyu, to zai saurara.

Gwani_77:
Malam Ilu, a cike labarin. Sun yi nasara a jiha amma sun sha kaye a birni. A farkon 2008 Los Angeles ta kafa tata dokar fiɗiyar dole a wata 4. Ka ga abin da Barista ya faɗa kenan. Ana can ana tsare ƙofar gida, aka shigo ta taga.

Dr_Hauwa:
Kuma kada wani ya ɗauka masu adawa da fiɗiyar dole suna adawa da fiɗiya ne. Ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka, AVMA, tana ƙarfafa fiɗiya amma ba ta goyon bayan tilastawa a kan dabbar da ke hannun mai ita. Ƙungiyar kare dabbobi daga zalunci ta Amurka, ASPCA, ma, wadda ba ƙawar masu kiwo ba ce, ba ta goyon bayan tilastawar. Dalilin a bayyane yake: mafi yawan wanda bai fiɗiye karensa ba, kuɗin aikin ne ya gagare shi. Ka ɗora masa tara, sai ya daina sabunta lasisi, ya daina zuwa asibiti don kada a gane, allurar haukan kare ma ta wuce shi. Wani kuma ya kai karen gidan ajiyar dabbobi ya huta, wato ainihin abin da dokar ke son ragewa.

Ta fuskar lafiya, binciken jami'ar Kalifoniya da ke Davis na 2013 a kan karnukan golden retriever 759 ya nuna mazan da aka fiɗiye kafin wata 12, kusan 10 cikin 100 sun sami matsalar gaɓar ƙugu, ninki biyu na waɗanda ba a taɓa ba. Sinadaran jinsi suna da hannu a lokacin da ƙashi ke daina tsawo. Amma a yi hattara, wannan a manyan iri ne ya fi fitowa. Wakilin da ya tashi gaban kwamiti ya ce fiɗiya da wuri tana lalata kowane kare, likita ɗaya ya isa ya kunyata shi.

Nura_MaiTambaya:
Na gode ƙwarai Likita. To a ce yau an ji majalisar wani gari za ta haramta wani iri. Me ƙungiya za ta fara yi?

Hajiya_Asabe:
Ɗana Nura, abin farko ba rubutu a Facebook ba ne. A samo rubutun ƙudurin kansa daga ofishin magatakardan majalisa, ba abin da jarida ta ce ba. A fara karantawa daga sashen ma'anar kalmomi, don nan ake binne nakiya. Me suke nufi da mai kiwo? Wanda karyarsa ta haihu sau ɗaya, ko wanda ke sayarwa? Me suke nufi da gidan kiwo, karnuka huɗu ko goma? Ana ƙirga 'yan kwikwiyo, daga wata nawa? Sai a duba hukunci, da wanda aka ba ikon shiga gida bincike, da ko sai da takardar kotu.

Daga nan a nemo kalanda. A Kalifoniya doka ta wajabta a liƙa jadawalin zama awa 72 kafin zaman da aka saba, awa 24 in na musamman ne. Kwana uku kenan. Ƙungiyar da ba ta da mai duba jadawalin nan kowane mako, ihunta bayan hari zai zo. Galibi ana yi wa dokar gari karatu biyu, kuma gyara ya fi sauƙi kafin na farko.

Sai ganawa. A nemi minti 15 da kowane kansila ko ma'aikacinsa, kuma kada a raina ma'aikacin, shi ke rubuta wa maigidan taƙaitawa. Mutum biyu ko uku su je, aƙalla ɗaya mai ƙuri'a a mazaɓar. A bar masa takarda shafi ɗaya: lambar ƙuduri, matsayinmu, dalili uku, da kalmomin gyara a rubuce yadda zai iya ɗauka ya saka. Wanda ya je da "ba mu yarda ba" kawai zai dawo hannu rabbana, don kansilan yana da iyayen yaron da kare ya ciza suna jiransa, dole ya nuna musu ya yi wani abu.

Ranar jin bahasin jama'a ana ba kowa minti 2 ko 3. A raba batutuwa tun a gida: wannan ya yi maganar kuɗin aiwatarwa, wannan wahalar gane iri, likita ya yi ta lafiya, mai horarwa ya yi ta ɗabi'a. Mutum ashirin su maimaita jimla ɗaya, daga na biyar kansiloli sun koma kan wayoyinsu.

Gwani_77:
Hajiya ta gama magana. Abin da ke kashe su kuma: wasiƙa iri ɗaya kwafi dubu daga mutanen wata jiha. Ma'aikaci yana duba adireshi, in ba na mazaɓa ba ne ya tura kwandon shara. Sai zagi. Mutum ɗaya ya kira kansila jahili a intanet, a buga a kawo zaman, shi kenan an shafa wa kowa kashin kaji.

Binta_Lissafi:
Kafin a yi nisa, akwai ramin da ma'ajin ƙungiya ya kamata ya sani, wato rajistar haraji. Ƙungiyar da ta yi rajista a matsayin ta agaji, sashe na 501(c)(3), haramun ne ta goyi bayan ɗan takara ko ta yi adawa da shi, ko da a takardar labaranta ne. Kamun ƙafa kan doka an yarda mata amma da iyaka. In ta zaɓi ma'aunin 501(h), za ta iya kashe kashi 20 cikin 100 na dala 500,000 na farko na kuɗin ayyukanta a shekara, kuma kiran jama'a su matsa wa majalisa kada ya wuce rubu'in wannan adadin. Misali, mai kashe dala 40,000 a shekara tana da 8,000, a ciki 2,000 ne kawai na kiran jama'a. Mai rajistar 501(c)(4), wato ƙungiyar kyautata rayuwar jama'a, ba ta da wannan iyakar a kan kamun ƙafa, shi ya sa ya fi dacewa da tarayyar jiha.

Asusun da Nura ya tambaya kuwa abu ne daban, da littafinsa daban. Kuɗin ƙungiya ba ya shiga aljihun ɗan takarar tarayya. Daidaikun mutane ne ke zubawa a asusun siyasa, iyaka dala 5,000 a shekara kowane mutum, asusun kuma ya ba ɗan takara har 5,000 a kowane zaɓe. A siyasar Amurka wannan ba kuɗin sayen kowa ba ne. Amfaninsa a ɗauki wayarka in ka kira.

Ɗan_Landan:
Duk wannan tsarin Amurka ne, inda iko ya rarrabu. A Birtaniya in gwamnati ta yanke, ta yanke. Dokar karnuka masu haɗari ta 1991 ta haramta iri huɗu: pit bull terrier, Tosa na Japan, Dogo Argentino, Fila Brasileiro. A Satumban 2023 Firayim Minista Rishi Sunak ya sanar za a ƙara wani ƙaton kare da ake kira XL bully bayan hare-haren da suka jawo asarar rayuka. Daga 31 ga Disamba 2023 an hana sayarwa, kyautarwa da haɗa su barbara a Ingila da Wales, kuma ba a fita da shi sai da takunkumi da igiya. Daga 1 ga Fabrairu 2024 mallakarsa laifi ne sai da takardar keɓewa, wadda a lokacin sharuɗɗanta su ne: fam 92.40, inshorar ɓarnar da zai yi wa wani, na'urar shaida a ƙarƙashin fata, da fiɗiya. Wanda ya zaɓi a kashe nasa an ba shi fam 200.

Kennel Club ta can, wadda ta girmi AKC (1873 aka kafa ta), tana cikin gamayya ɗaya da ƙungiyoyin jin ƙan dabbobi RSPCA, Dogs Trust, Battersea, Blue Cross, da kuma ƙungiyar likitocin dabbobi ta Birtaniya, duk suna adawa da haramta iri. Ba su hana komai ba. Ba sabuwar doka aka yi ba ballantana a tare ta a kwamiti, dokar 1991 ta riga ta ba minista ikon ƙara iri da umarni. Wanda ke son ya yi tasiri a irin wannan tsari, lokacinsa shi ne ranar da ake rubuta sashen da ya ba minista ikon.

Umman_Yara:
Ku yi haƙuri, amma ina jin ana maganar 'yancin mai kare ba a maganar wanda aka yayyaga. Kare mai kilo 50 in ya kama yaro ba ɗaya yake da ƙaramin kare ba. A ce wai duk iri ɗaya ne, tarbiyya ce kawai, wannan ba gaskiya ba ce, kuma masu kiwon sun fi kowa sani tunda su ke cewa wannan irin na farauta ne, wancan na gadi.

Malam_Ilu:
Umma, maganarki dutse. Wannan saɓanin yana cikin bakin ƙungiyoyin: a filin gasa iri shi ne komai, a majalisa kuma iri ba komai ba ne. Hujjar da ta fi tsayuwa ba "duk ɗaya ne" ba ce, hujjar aiwatarwa ce. Dokar Birtaniya da siffa take aiki, ba da takardar asali ko gwajin jini ba. Ga XL bully an fara da tsawo: namiji daga inci 20 a kafaɗa, mace daga inci 19, sai jami'i ya duba kai da ƙirji da sauran jiki ya ga ko ya dace da akasarin siffofin. 'Yan ciki ɗaya, wani ya faɗa ciki wani ya tsira. Kuma ita Kennel Club ba ta ma san XL bully a matsayin iri ba. Sannan masu neman kare don tsoratarwa ba sa tsayawa: an hana pit bull a 1991, bayan shekara talatin ga wani ya fito. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Holan ta haramta pit bull a 1993 ta soke a 2008, Italiya ta watsar da jerin irinta a 2009.

Umman_Yara:
To in ba a haramta ba me za a yi? A jira sai ya ciji wani?

Barista_Kabiru:
Hajiya Umma, ga abin da ƙungiya mai hankali ke kaiwa a madadi. Doka mai matakai da ba ta ambaci iri ba. Karen da ya kori mutum a titi ko ya ciji wata dabba ya shiga matakin farko tun bai taɓa mutum ba: shinge mai ƙofa da makulli, igiya gajera, na'urar shaida. Wanda ya yi cizo ba tare da an tsokane shi ba ya hau mataki na biyu: takunkumi a waje, inshora, fiɗiya. Mai karen da ya maimaita laifi a hana shi riƙe kare na wasu shekaru. A kuma ba shi damar kare kansa gaban mai sauraro kafin a yanke, don in babu wannan kotu na iya rushe hukuncin. Birnin Calgary na Kanada ne aka fi kawowa misali, da dokarsa ta 2006 da ta jingina kan lasisi da alhakin mai kare. Raunin tsarin, kuma Umma na da haƙƙin ta faɗa, yana buƙatar jami'ai da motoci da masu amsa ƙorafi. Garin da ke da jami'i biyu ba zai iya ba, haramci kuma a takarda ba ya cin ko sisi, shi ya sa yake da farin jini wurin kansiloli.

MaiShakka01:
Malam Ilu ya ce za a dawo kan maganata. Ina jira.

Malam_Ilu:
Ga ta. Missouri, jihar da ta yi suna da manyan gidajen kiwo na kasuwa. A Nuwamban 2010 jama'a suka kaɗa ƙuri'a kan Proposition B, ya wuce da ƙyar, kashi 51 da ɗoriya, birane suka ce e, karkara ta ce a'a. Ya ƙayyade karnukan haihuwa 50 ga mai kiwo ɗaya, kuma karya kada ta haihu fiye da sau biyu a wata 18. Kafin ya fara aiki, a Afrilun 2011 majalisar jiha ta yi masa kwaskwarima, Gwamna Jay Nixon ya sa hannu a kan sulhu, iyakar 50 ta fita. Ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwar kiwo ne suka ja wannan yaƙin, da hujjar yau kare gobe kaji da aladu.

Matsayin AKC shi ne ba adadi ake dubawa ba, kulawa ake dubawa: mai 60 na iya tsafta, mai 6 na iya ƙazanta. A ƙa'ida haka ne. Amma mai karya biyu da ke haihuwa sau ɗaya a shekara, me ya haɗa shi da mai 200 a keji? In ya tsaya kusa da shi a majalisa, jama'a za su yi musu kuɗin goro. A nan zargin MaiShakka yake samun wurin zama.

Gwani_77:
Sai dai akwai dalilin da ya sa ƙananan ke tsoro, ba ruɗu ba ne. Adadi yana saukowa. Texas ta fara a 2011 da wajabta lasisi ga mai karnuka mata 11, a 2023 ta sauko zuwa 5. A tarayya kuma, dokar ma'aikatar noma ta 2013 ta ce mai mata masu iya haihuwa fiye da huɗu, in ya sayar da kwikwiyo ko ɗaya ba tare da mai saye da mai sayarwa da dabbar sun haɗu ido da ido ba, sai ya yi lasisi. An yi ta ne don masu sayarwa ta intanet, kuma da hujja. Amma mai irin da ba shi da yawa, wanda masu sayensa ke nesa da mil dubu, ya faɗa ciki. Ƙa'idojin lasisin an tsara su ne don gini na musamman mai daɓen da ake wankewa da kashe ƙwayoyin cuta, ba ɗakin zama mai kafet ba. Kuma wajen ƙirgar matan ana haɗawa da kyanwoyi da wasu ƙananan dabbobin da ke gidan. Ma'anar kalma ɗaya, yadda Hajiya Asabe ta ce.

Ɗan_Landan:
Ingila ta bi wata hanya: tun 2018 haihuwa uku a wata 12 na buƙatar lasisin ƙaramar hukuma, haka duk wanda ke yi a matsayin kasuwanci. Daga Afrilun 2020 kuma an hana dillali sayar da kwikwiyon da bai kai wata 6 ba, sai daga hannun mai kiwo ko gidan ceto.

Dr_Hauwa:
Akwai fagen da kamun ƙafa ba ya ceton kowa, shi ne lafiyar irin kanta. A Norway ƙungiyar kare dabbobi ta kai ƙungiyar masu karnuka ta ƙasa da wasu masu kiwo kotu, a Oktoban 2023 kotun ƙoli ta tabbatar da hana kiwon Cavalier King Charles spaniel saboda cututtukan gado, musamman matsewar ƙoƙon kai da ke taɓa laka. Bulldog na Ingila ya tsira, bisa sharaɗin tsarin gwajin lafiya kafin barbara. A duba bambancin: wanda ke da tsarin gwaji da zai nuna wa alƙali ya tsira.

Haka a Birtaniya, bayan shirin BBC na 2008 kan cututtukan karnukan gasa, tashar ta daina nuna babbar gasar karnuka ta Crufts, sannan a 2009 Kennel Club ta gyara siffofin da take nema ta kuma daina rajistar 'ya'yan uba da 'ya, uwa da ɗa, wa da ƙanwa. Da ta yi tun kafin a fallasa, da bakinta ya fi nauyi a majalisa.

Sarkin_Dawa:
Ina ta karatu shiru. Mu nan namu karnukan na farauta ne da gadi, ba mai takardar asali. Akwai abin da ya shafe mu a ciki?

Dr_Hauwa:
Ranka ya daɗe Sarkin Dawa, abu ɗaya ya shafe mu kai tsaye: haukan kare. Hukumar lafiya ta duniya na ƙiyasta mutuwar mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka daga cizon kare. In aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar na yankewa. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato tana yin allurar. Ƙungiyar mafarauta da za ta je wa shugaban ƙaramar hukuma da jerin karnukan mambobinta, ta nemi ranar allura sau ɗaya a shekara, ita ta fi iya hana a bi gari ana kashe karnuka ranar da aka ciji wani. Wanda aka ciza kuma ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 ya tafi asibiti a ranar, karen a tsare shi kwana 10 ana lura. Saboda cutar nan ne ma Amurka ta sa Najeriya da Nijar cikin ƙasashe masu haɗari, kuma daga 1 ga Agusta 2024 ba kare mai shiga can sai ya kai wata 6 da na'urar shaida.

Hajiya_Asabe:
Mu koma kan tambayar Nura, don akwai dabarar da ba a ambata ba. Maimakon bin gari ɗari ɗaya bayan ɗaya, sai a nemi jiha ta hana garuruwanta yin dokar iri. Florida ta yi haka tun 1990, amma ta bar dokokin da suka riga ta, shi ya sa haramcin pit bull na gundumar Miami-Dade na 1989 ya rayu har 1 ga Oktoba 2023 da sabuwar doka ta share shi. Jimla ɗaya ta "ban da waɗanda suka gabata" ta ci shekara 33.

Denver kuma ta nuna kada a yi murna da wuri. Haramcinta na pit bull tun 1989 yake. A Fabrairun 2020 majalisar birni ta amince a sassauta, magajin gari Michael Hancock ya hau kujerar naƙi, ana buƙatar ƙuri'a 9 cikin 13 a tsallake shi, ba a samu ba. Sai aka kai wa jama'a a Nuwamba, kusan kashi biyu cikin uku suka amince. Abin da aka samu ma ba sakin mara ba ne: izini na musamman, kare biyu kacal a gida, shekara uku ba laifi kafin a ɗauke shi kamar kowane kare. Masu ƙirga ƙuri'a su ƙirga har da na tsallake naƙi tun farko.

Barista_Kabiru:
A ƙara da kotu da inshora, don ba majalisa kaɗai ke haramta kare ba. A Maryland a 2012 babbar kotun jiha ta ce pit bull mai haɗari ne a asalinsa, alhakin ɓarnarsa na iya hawa har kan mai gidan haya. Nan take masu gidaje suka fara cewa ko kare ko ɗaki. Sai 2014 majalisa ta warware da dokar da ta shafi kowane iri. Ga mai kare ɗaya a gidan haya, wannan ya fi masa duk wata muhawarar kiwo muhimmanci.

MaiShakka01:
To kun ga. A Maryland da Denver mai kare ɗaya ya amfana, na yarda. A Missouri fa? Har yanzu ban ji wanda ya nuna mini inda ƙungiyar masu kiwo ta kai ƙudurin rufe ƙazamin gidan kiwo da kanta ba, kullum sai dai martani.

Gwani_77:
AKC na da masu bincikenta da ke zagaya gidajen masu yawan rajista, tana kuma dakatar da wanda ya faɗi. Amma iyakar hukuncinta hana rajista, ba ta da ikon ƙwace kare ko rufe gida, wanda aka dakatar kuma yana iya komawa wata ƙungiyar rajista ya ci gaba da sayarwa.

Nura_MaiTambaya:
Hajiya Asabe, tambaya ta ƙarshe daga gare ni a yau. Takardar shafi ɗayan nan da ake bar wa kansila, wa ya kamata ya sa mata hannu, shugaban ƙungiya ko mutumin mazaɓarsa?

Hajiya_Asabe:
Duka biyun, amma sunan ɗan mazaɓa da unguwarsa a sama, lambar wayar da za a ɗauka a ƙasa. Tambarin ƙungiya ya zauna a gefe. Bayan kwana biyu a kira ma'aikacin a ji ko akwai abin da yake so a ƙara masa, ko da kansilan ya riga ya ce ba ya tare da ku.